Shin kwalar lantarki tana maganin dokin da ke cizo da harbi?

Tambaya: "Ina da doki ɗan shekara 7, fiɗiyayye ne. Kusan wata 3 ke nan halinsa ya sauya. In an zo ɗaure masa majayi sai ya juyo da cizo, in an kawo abinci ya kwantar da kunne ya yo kan mutum, a fili kuma ya takura wa wata goɗiya har ya ji mata ciwo. Wani ya ce in sa masa kwalar lantarki mai rimot, irin wadda ake horar da karnuka da ita, duk lokacin da ya taso da faɗa in danna, kwana biyu zai daina. Me kuke gani?"

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa masa. Ba zan ce maka wutar ba ta tsayar da doki ba, tana tsayar da shi. Kowace dabba ka ja ta da lantarki za ta bar abin da take yi a wannan lokacin, kuma shi ya sa masu ba da irin wannan shawara suke yi da gaskiyarsu, sun gani da idonsu. Sai dai tsayar da cizo na yau daban, raba doki da dalilin cizon daban. Kwalar na iya yin na farko, ba ta taɓa na biyu, sau da yawa ma ƙara masa ƙarfi take yi.

Na'urar kanta ba wani abu ba ce illa batir da ƙananan ƙarafa biyu da ke manne da fatar wuya, in an danna rimot wuta ta bi ta tsakaninsu. Domin irin wannan horo ya zauna a kan dabba, dole azabar ta sauka a daidai lokacin da ake aikata laifin, cikin sakan ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ta sauka kowane karo ba fashi. To harbin doki ko cizonsa ba ya kai rabin sakan. Kafin idonka ya gani, kanka ya yanke hukunci, yatsanka ya danna, an riga an gama. Wutar za ta same shi ne lokacin da ya saki goɗiyar yana ja da baya, wato ka hukunta shi a kan janyewa, abin da kake so ya riƙa yi. Da daddare kuma, ko lokacin da ba ka nan, zai yi abinsa ba abin da ya same shi.

An gwada muhimmancin wannan a kan karnuka, domin mafi yawan binciken kwalar a kansu aka yi. A wani bincike da Schalke da abokan aikinta suka wallafa a 2007 daga Hanoba ta Jamus, an raba karnuka 14 gida uku. Rukuni na farko wutar na samunsu daidai lokacin da suka taɓa abin farauta, na biyu in sun ƙi amsa kira, na uku kuwa ba tsari, ana dannawa ne kawai. Da aka auna sinadarin damuwa na kotisol a yawunsu, na farkon kusan bai motsa ba, na biyu ya hau, na uku ya fi kowa hawa. Mai doki da ke tsaye a bakin shinge da rimot a hannu, yana jin haushi, yana kallon dawaki biyu sun cakuɗe cikin ƙura, aikinsa ya fi kama da na rukuni na uku, ko da a ransa yana ganin na farko yake yi.

Ko da an dace da lokacin, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: shi dokin, da me zai danganta zafin? Ba ya ganin rimot, bai san waya ko batir ba. Abin da ya sani shi ne yana kallon goɗiya sai ya ji zafi a wuya. Kuma wuya na daga cikin wuraren da dawaki suka fi kai wa juna cizo in suna faɗa. A fahimtarsa goɗiyar ce ta rama. Daga nan ko dai ya ƙara mata, ko ya riƙe abin a ransa sai ranar da ya same ta a lungu. Tun 1962 masu bincike Ulrich da Azrin suka nuna cewa ɓeraye biyu da ke zaune lafiya a keji ɗaya, da zarar an ja su da lantarki sai su afka wa juna, alhali babu wanda ya yi wa wani komai. An ga irin wannan a wasu dabbobin daga baya. Zafi da kansa yana haifar da faɗa. In kuwa kai ne a gabansa lokacin da wutar ta sauka, kai zai ɗora wa. Schilder da van der Borg a Holan sun lura a 2004 cewa karnukan gadi da aka horar da kwalar suna nuna alamun tsoro a gaban mai horar da su ko a wajen filin horon, sun haɗa mutumin da azabar.

Abin da ya fi ba ni tsoro a harkar nan shi ne ɓacewar gargaɗi. Doki ba ya fara faɗa da cizo. Yakan fara da kwantar da kunnuwa, ya tamke hanci da baki, ya kaɗa wutsiya da ƙarfi, ya miƙo kai, ya juyo maka gindi ko ya ɗaga ƙafar baya. Waɗannan su ne suke ba mai kula da barga damar matsawa gefe. Mai rimot kuwa, da yake ya san ba zai iya riskar cizon ba, a kan waɗannan alamun yake dannawa. Doki sai ya koyi daina nuna su. Ciwon da ke cikinsa ko tsoron da ke ransa yana nan daram, ƙararrawar kawai aka cire. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan wasu makonni ana murna doki ya shiryu, sai ya cafke hannun yaro ba tare da ko kunne ya motsa ba, a ce ai ba a ga alama ba. Wasu kuma sukan yi lakwas gaba ɗaya, su tsaya kai a ƙasa kamar ba rai, mai su yana ganin ladabi ne. Seligman da abokan aikinsa sun bayyana wannan yanayi a 1967 a karnukan da aka riƙa ja da wutar da ba su da hanyar kauce mata: daga baya ko an buɗe musu hanyar tsira ba sa yunƙurin bi.

Ka kuma tuna girman abin da kake shirin firgitawa. Kare in ya zabura ka iya riƙe igiyarsa. Doki mai nauyin kilo 450 ko 500, wanda halittarsa ita ce in ya ji tsoro ya ruga kafin ya yi tunani, in wuta ta same shi ba zato zai iya yin tabarya, ya faɗi ta baya, ya keta shinge, ko ya bi ta kan wanda ke riƙe da ragamarsa. A cikin ɗakin barga babu inda zai ruga sai kanka. Masu cewa fatar doki kauri gare ta don haka ba ya jin zafi sosai, binciken da Lydia Tong da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya kwatanta fatar doki da ta mutum, bai sami wani bambancin kirki ba a yawan jijiyoyin jin zafi da ke saman fatar. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a gadon bayanta har ta girgiza wurin ba ta rasa ji ba. Ƙarfin wutar ma ba ya tsayawa yadda ka saita shi, ya danganta da gumi, da ruwan sama, da kaurin gashi, da yadda kwalar ta kama wuya a wannan ranar.

Za ka iya cewa to ai ana kewaye dawaki da shingen lantarki, suna kuma girmama shi. Gaskiya ne, kuma ba ni da ja a kan shingen. Bambancin shi ne shinge yana wuri ɗaya, doki yana ganinsa, shi ke zaɓar ya taɓa ko kada ya taɓa, kuma sakamakon iri ɗaya ne dare da rana. Sau ɗaya ko biyu ya isa, daga nan ya ci gaba da kiwonsa hankali kwance domin ya san inda matsalar take. Kwala kuwa tana jikinsa, duk inda ya gudu tana biye.

Ta fuskar doka ma duniyar dawaki ta daɗe da yanke hukunci. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta lissafa amfani da kowace irin na'urar jan lantarki a kan doki cikin abubuwan da take ɗauka cin zarafi. A 2021 kotun hukumar ta dakatar da Ba'amurken nan mai tsallaken shinge, Andy Kocher, har shekara 10 saboda amfani da kaimi mai lantarki. A Ostireliya an haramta wa Darren Weir, wanda dokin da ya horar ya ci gasar tseren dawaki ta Kofin Melbourne a 2015, horar da dawakin tsere na shekara 4 a 2019 bayan an sami irin waɗannan na'urori a wurinsa. Yankin Wales na Birtaniya ya hana sa wa karnuka da kyanwoyi kwalar lantarki tun 2010, a Jamus kuma kotu ta tabbatar a 2006 cewa dokar kare dabbobi ta hana horar da kare da ita. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka duba ta inda kake.

Yanzu mu koma kan dokinka, domin a cikin tambayarka akwai jumlar da ta fi batun kwalar muhimmanci: wata 3 ke nan ya sauya. Doki ɗan shekara 7 da aka sani da hali mai kyau ba ya wayar gari ya zama mugu haka kawai. Har sai an tabbatar da akasin haka, ka ɗauka ciwo ne. Kuma abubuwa biyun da ka fara ambata, cizo wajen majayi da faɗa a kan abinci, su ne suke sa in fara zargin gyambon ciki.

Tumbin doki ƙarami ne in aka kwatanta da jikinsa, kuma yana zubo ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, domin an halicce shi ya yi kiwo kusan awa 16 a yini yana ci kaɗan-kaɗan. Taunar ciyawa ke kawo yawu, yawu da ciyawar ke kashe kaifin tsamin. In aka mai da shi kan hatsi sau biyu a rana, aka bar shi awanni cikinsa wayam, sannan aka hau shi aka yi sukuwa, tsamin yakan fantsamu zuwa sashen sama na tumbin da ba shi da kariya, ya cinye wurin. A dawakin tsere da ke cikin horo, bincike daban-daban sun sami gyambon a cikin mafi rinjayensu, wasu sun kai kashi 90 cikin 100. Dawakin hawa na yau da kullum ma ba su tsira ba. Hanyar tabbatarwa ita ce likitan dabbobi ya zura masa na'urar leƙa ciki ta hanci bayan an hana shi abinci na dare. In an samu, maganin da aka fi sani shi ne omeprazole, galibi na kwana 28, tare da gyara tsarin ciyarwa, in ba haka ba zai dawo. Ka yi tunanin dokin da cikinsa ke ƙuna, an ja majayi an matse shi, ya juyo ya yi ƙorafi da bakin da Allah ya ba shi, sai kuma a ƙara masa da wuta a wuya.

Ba ciki kaɗai ba. A duba bayansa: ko sirdin ya daina zama daidai, domin doki kan rame ko ya yi ƙiba sirdi bai sauya ba, ko akwai miki, ko ƙasusuwan gadon baya suna gugar juna. Masu bincike a jami'ar Rennes ta Faransa, Fureix da Hausberger da abokan aikinsu, sun wallafa a 2010 cewa a cikin dawakin makarantun koyon hawa da suka duba, masu matsalar ƙashin baya sun fi nuna faɗa ga mutane. A duba haƙora, da kofato, da ɗingishin da bai fito fili ba. Likitar dawaki Sue Dyson ta Ingila ta tsara jerin halaye 24 na dokin da ake hawa, kamar kwantar da kunne, buɗe baki, kaɗa wutsiya da tutsu, ta kuma nuna cewa wanda ya nuna 8 ko fiye akwai yiwuwar yana da ciwon gaɓoɓi ko tsoka. Kada a manta ido. Dokin da ganinsa ya ragu ta gefe ɗaya yakan zabura ya kai hari ga duk abin da ya ɓullo masa ta nan.

Tunda ya takura wa goɗiya, akwai wani abin da zan so a bincika. Ka ce fiɗiyayye ne, amma kana da tabbacin an cire duka biyun? Wani dokin ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa kan maƙale a ciki bai sauko ba, a cire na waje a sayar da shi a matsayin fiɗiyayye, alhali na cikin yana ci gaba da fitar da sinadarin maza. Gwajin jini yana warware wannan. Wasu kuma an yi musu fiɗiya cikakkiya amma halin ingarma bai bar su ba, su irin waɗannan raba su da goɗiyoyi shi ne magani. Ga masu karatu da matsalarsu goɗiya ce ta koma faɗa tana hawan 'yan'uwanta kamar ingarma, a duba mata ma'ajiyar ƙwai, akwai wani ƙari da ya fi kowane yawa a wurin wanda ke kawo haka, in an cire shi da tiyata halin yakan lafa. Wata 3 ya yi tsawo ga ciwon haukan kare, yakan kashe doki cikin kwanaki, don haka ba na zargin sa a nan. Amma duk wanda dokinsa ya haukace rana tsaka, yana dalalar da yawu yana cizon jikinsa, kada ya sa hannu a bakinsa, ya kira likita nan take.

Kafin likita ya zo, abu na farko shi ne tsare mutane da goɗiyar. Raba su yau, amma da shinge a tsakani yadda za su ga juna, domin kaɗaici ƙara lalata doki yake yi. Yara da baƙi kada su shiga wurinsa. Mutum ɗaya ko biyu da suka san doki su riƙa kula da shi, da hular kwano a ka. In dole ne a yi masa aiki a jiki, a ɗaure shi ta gefe biyu ko a sa masa takunkumi na ɗan lokacin aikin. Hawa kuwa a dakata.

Batun abinci, kada ka tsaya gardama da shi a bakin komi. Ka zuba abincin kafin a shigo da shi, ko ka zuba daga wajen shinge. Ka tabbata ciyawa ba ta yanke masa, aƙalla kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa na busasshiya a yini, wato kilo 7.5 ga doki mai kilo 500, kuma kada ya wuce awa 4 zuwa 6 ba abin tauna. Rage hatsi, ka rarraba abin da ya rage zuwa ƙananan ci. Dokin da ba ya kwana da yunwa ba ya ganin bokiti a matsayin abin da za a mutu a kai. Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi bai sani ba: doki ya kwantar da kunne, mutum ya ji tsoro ya yi sauri ya juye abincin ya fice. Kullum sau biyu ana koya masa cewa barazana ce ke kawo abinci da wuri. Juya lissafin daga bayan shinge inda ba zai same ka ba. Ka tsaya da bokitin, muddin kunnuwa na kwance ba motsi, da zarar ya ɗaga su ko ya ja baya taki ɗaya, ka zuba. Ba tsawa, ba bulala. Kuma a daina ba shi abu a tafin hannu.

Majayi ma haka. Bayan an magance ciwon, tsoron wurin yakan daɗe bai tafi ba, domin doki ba ya mantuwa da abin da ya taɓa yi masa zafi. Ka fara da shafa wurin da hannu, in ya tsaya shiru ka janye hannun ka sosa masa gindin geza. Sai ɗora majayin ba ɗauri, sai ɗauri sako-sako, a zagaya da shi, a ƙara rami ɗaya, a sake zagayawa. Kwanaki zai ɗauka, wani lokaci makonni. In ya miƙo baki, ka tare da gwiwar hannu ya ci karo da ita da kansa, ka ci gaba da aikinka kamar ba abin da ya faru. Marin fuska ba ya haifar da komai sai dokin da ke cizo da sauri ya kauce.

In lokacin sake haɗa su da sauran dawaki ya yi, fili ne maganin. Yawancin raunin da dawaki ke ji wa juna yana faruwa ne inda na ƙasa ya so ya kauce ya rasa hanya: lungu, ƙofa mai ƙunci, komi ɗaya, wurin shan ruwa ɗaya. Ka toshe lunguna, ka sa tarin ciyawa ya fi yawan dawakin, a nesa da juna, ka cire musu takalman ƙarfe na ƙafafun baya in suna da su. A gidan kiwon dawaki na gwamnatin Suwizalan da ke Avenches an gwada sakin ingarmu tare a babban fili nesa da goɗiyoyi, bayan an fara sa su maƙwabtaka a barga. A rahoton da aka wallafa a 2013, faɗan ya yi yawa a kwanaki uku zuwa huɗu na farko, daga nan ya faɗi ƙasa sosai. In ingarmu za su iya daidaita tsakaninsu da fili da lokaci, fiɗiyayyen dokinka ma akwai fata. Duk da haka wasu dawakin jininsu ba ya haɗuwa har abada, su sai dai maƙwabtaka ta shinge.

Akwai 'yan tsirarun dawaki da haɗarinsu na gaske ne, masu tasowa mutum baki buɗe daga nesa, ko su kai sara da ƙafafun gaba. Sau da yawa za ka tarar marayu ne da aka raina da hannu ba su koyi iyaka a wurin uwa da garke ba, ko waɗanda aka daɗe ana duka. In dokinka ya kai nan, ko likita ya duba ko'ina bai sami ciwo ba kuma gyaran abinci da fili bai sauya komai ba bayan wasu makonni, ka nemi ƙwararren masanin halayyar dawaki ya zo ya gan shi a inda yake zaune. Kafin zuwansa ka ɗauki bidiyon lokacin ciyarwa da lokacin ɗaura sirdi daga wajen shinge, ka kuma rubuta duk abin da ya sauya wata 3 da suka wuce: sabon abinci, sabon sirdi, sabon mai kula, ƙarin aiki, ko zuwan wani doki. In daga ƙarshe ka yanke shawarar rabuwa da shi, ka faɗa wa mai saye halinsa dalla-dalla tun kafin a yi ciniki.